Ranar da Baba Rwang Ya Hana Ni Harbi

Ƙarfe bakwai na safe Baba Rwang yake sauka daga bas a unguwar Catford ta London, da fulas ɗin shayinsa a hammata. Yakan buɗe kulob ɗinmu na harbi da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ya share kwanson harsashin jiya, ya tone dalma daga cikin yashin bayan allon saiti, sannan ya zauna da tsumma da kwalbar mai. Shekara ashirin da huɗu ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan na Satumbar 1979 zai ajiye makulli, kuma na tabbata in ban rubuta ba babu mai buga sunansa a ko'ina.

Mutumin Bukuru ne, tsohon soja, tun yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama yake gyaran bindiga. Ni kuwa likitan fiɗa ne a Camberwell, kuma ina cikin 'yan tsirarun da cutar tara libarba irin ta da ta kama, wadda sai ka ja ƙarfen bayanta da babban yatsa kafin kowane harbi. Masu wuyar samu su ne masu silinda biyu. Silinda ita ce tulun nan mai juyawa da ake zuba wa harsashi. Ka cire ɗaya ka sa ɗaya, bindiga ta koma cin wani harsashin daban. Amma kowace silinda an yi ta ne daidai da bindigarta ita kaɗai, shi ya sa maƙeri ke karce 'yar lamba a fuskarta don kada a gauraya.

Baba ba ya wasa da wannan lamba. Ko Bature ko baƙi, sai ya ɗaga silindarka ya duba a haske kafin ka tsaya a layi. Margaret, sakatariyar kulob, ta ce mini tun da ya kama aiki ko ɗigon jini bai taɓa zuba a wurin ba. Mu kuma muna ce masa Baba Jinkiri a bayan ido.

A 1976, lokacin da kuɗin man fetur ya sa mutanenmu ke zuwa London kamar masu zuwa kasuwar Laraba, wani ɗan kwangilar siminti, Alhaji Yelwa, ya shiga kulob ɗin. Ya sayi libarba biyu iri ɗaya, kowacce da silindarta biyu. To, Alhaji ba ya son abu mai duhu. Sai ya kwashe su ya kai wa maƙerin zinariya, aka goge su tas, aka wanke su da ruwan gwal. Suka dawo suna ɗaukar ido, amma gugar ta tafi da lambobin.

Wata Asabar da hantsi ya zo da baƙi uku daga Legas. Don ya girmama ni, ni ya fara miƙa wa bindiga. Ina karɓa sai ga Baba a gefena, ya duba wadda ke hannuna, ya leƙa akwatin bindigogin Alhaji.

"Ranka ya daɗe, silinda huɗu, bindiga biyu, babu lamba. Wacce ce ta wacce?"

"Ai duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya," in ji Alhaji.

"Hassan da Usaini ma kowa da hularsa. Ka ba ni kwana biyu in auna."

"Kwana biyu? Baƙina gobe za su tashi, an riga an yi musu booking!"

Nan ni, mai ilimi, na buɗe baki na ce, "Haba Baba, kada ka kunyata mu a gaban baƙi mana." Bai ko kalle ni ba. Ya karɓe bindigar daga hannuna, ya zare silindar, ya kai wa Margaret ya ce ta kulle a durowa. Alhaji ya fita yana huci, baƙinsa na bin bayansa.

Ran Litinin ƙara ta isa gaban kwamiti, wai ma'aikaci ya ƙwace wa memba kayansa. Alhajin kuwa ya riga ya yi alkawarin sake wa kulob rufi. Aka nemi mai shaida a kan Baba, na rubuta sunana. Aka yi suspending ɗin Baba har mako uku, kuma kowa ya san kora ce ke tafe. Dattijo baƙar fata mai shekara sittin da biyu, wa zai ɗauke shi aiki a garin nan? Matarsa Kaneng ta gaya wa matata cewa duk kwanakin nan ƙarfe shida yake shiryawa, ya ɗaura takalmi, ya zauna a kujera yana kallon ƙofa.

Ranar zaman kwamiti bai kare kansa da baki ba. Cewa ya yi a kawo bindigar da silindar da ke durowa. Ya ɗaure bindigar tam a teburin ƙarfe, ya cusa jarida a safar hannu ta fata, ya kafa ta inda hannun mai harbi yake zama. Ya ƙulla igiya a kunamar bindigar, ya ce kowa ya koma bayan bango, ya ja.

Ramin silindar bai yi daidai da bututun bindigar ba. Harsashi ya daki gefen ƙarfe ya tarwatse, gindin bututun ya tsage. Da hayaƙi ya lafa muka tarar da babban yatsan safar da manuninta a ƙasa. Wallahi sai da na nemi kujera na zauna.

Alhaji ya tattara kayansa, ba mu sake ganinsa ba, rufin kuma har yau yana yoyo. Baba ya dawo aiki, bai taɓa tayar da zancen ba.

Baba, kai ne ka gwammace a kore ka da a ce ka yi shiru. Kai ne garkuwar da ba a gode wa, domin wanda ka tsare bai ma san an harbo shi ba. Na gode, Allah ya ba ka lafiya da hutu mai daɗi kai da Mama Kaneng. Ku kuma masu riƙe da makullin wani wuri, ko garejin mota ne ko ɗakin magani, in babban mutum ya ce ku buɗe alhali kun san da haɗari, ku tuna akwai wanda ya ce a'a, kuma bai mutu ba.

Saura magana ɗaya. Shekara uku kana gaishe ni, "Likita, ya aiki?" ina amsawa kamar ba abin da ya faru. Mutum nawa na yi wa fiɗa da yatsun nan tun ranar, ban san iyaka ba. Amma da su ɗin dai na rubuta sunana a takardar ƙararka. Kunya ta hana ni faɗa maka a fuska, shi ya sa na faɗa a gaban jama'a. Baba, ka yafe mini.