Ɗakin Mma Sahadatu a Hoto

Duk unguwar Maamobi an san Mahama mai hoto, gajere mai saurin fushi, wanda ba ya raba wuyansa da kyamara ko masallaci zai je. Biki da suna ne abincinsa. Abin da ya tsana shi ne hoton waya na cikin ɗaki: ƙofa ta yi fari fat, mutum ya yi baƙi ƙirin, sai haƙora. Ɗakunan gidan haya ba su da tagar kirki, don haka kullum yake kunna saitin nan da ke daidaita haske da duhu. Da shi fuska takan fito, abin da ke lungu ma ya fito.

Ana gab da damina, maƙwabciyarsa Latifatu ta same shi. Rufin ɗakin uwarsu, Mma Sahadatu, ya ruɓe, ga tsohuwa da tari. Yayan Latifatu, Awudu, yana Jamus, kuma duk hoton da ta tura masa, fuskar Mma kawai yake gani, bayanta duhu.

"Bra Mahama," in ji ta, "ka zo ka yi hoton, Awudu ya gan ɗakin. In ya gani, zai gyara."

Mahama ya shiga, warin danshi ya buge shi. Ya zaunar da tsohuwa bakin gado, ya kunna saitin, ya danna. Komai ya fito: bango kore shar da gansakuka, robobin tarar ruwa a jere, katifa ta yi baƙi, kyankyasai a jikin labule. Mma a tsakiya tana murmushi, don an ce mata ɗanta za a kai wa.

Latifatu ta tura hoton. Washegari Awudu ya kira Mahama da kansa.

"Chale, abokina, fuskar Mma ya yi kyau paa! Amma cire min bayan nan. Abokaina za su gani."

"Bayan nan, ciki uwarka yana kwana," in ji Mahama. Ya yi tsaki ya kashe wayar.

Ba a gyara rufi ba. Ruwa ya zo, tari ya kama ƙirji, Mma ta rasu kafin damina ta wuce.

Awudu ya sauka don addu'ar arba'in, ya tare titi da rumfuna, ya yanka sa, ya ɗauko wani mai hoto daga Osu, unguwar masu kuɗi. Mahama ya je ta'aziyya, hannu rabbana. A bakin layi ya ci karo da ƙatuwar bana, irin ƙyallen nan da ake buga hoto a kai. Hotonsa ne, murmushin ma shi ne, amma an yanko Mma an ɗora ta kan kujerar zinariya cikin wani falo mai fitilu. Mata na ta cewa Awudu ya riƙe uwarsa.

Latifatu ta zo ta tsaya kusa da shi, ta daɗe tana kallo.

"Bra Mahama," in ji ta, "ɗakin nan ba ya yoyo."