Kishin da Mama Take Yi a Kan Dutse

Kafaɗarta na fara gani. Washegarin ranar da jirgin ƙasa ya sauke ni a Minna ina amarya, na leƙa ta tagar ɗaki da sassafe, sai ga wata tsohuwa tana fita daga gida da ƙatuwar ƙwarya, ba a ka ba, a kafaɗa. Raɓa ta kwanta a kan ciyawa, gajimare sun sauko suna shafar duwatsun da ke bayan unguwarmu Tunga, ita kuwa tana tafe a miƙe, kamar ƙasa ce take tura ta gaba. Na bi ta da ido har gonar dawa ta haɗiye ta.

Uwar mijina ce. Da yammacin ranar da na iso na durƙusa na gaishe ta a cikin taron mata, amma kaina a sunkuye yake, ban ga komai nata ba sai yatsun ƙafa.

Ni a gidan Kirista na tashi a ƙasar Zariya, Hausa na sha a nono. Maigidana kuwa Gbagyi ne, waɗanda a lokacin kowa yake ce wa Gwari. Gadi ne a jirgin ƙasa, yana zama a taragon ƙarshe da tutocinsa, ya tafi Kaduna ko Jebba ya bar ni da tsohuwa da kaji. Shi ya gaya mini matansu ba sa ɗora kaya a ka, wai kai ya riga ya ɗauki tunani, ya ishe shi.

Da akwatin kayan aurena na zo, a ƙasansa kuma akwai 'yan littattafan soyayya na Turanci, irin waɗanda 'yan kasuwa suke shimfiɗawa a bakin tasha. A cikinsu ba wanda yake yin komai sai don ƙauna. In mace ta rame, ƙauna ce. In namiji ya tsaya a bakin kogi, ƙauna ce. Na karanta su har na fara ganin duniya da idonsu. Ko mai sayar da kananzir ya yi shiru yana kallon hanya, sai in ƙaga masa budurwar da ta guje shi.

Mama, haka nake kiranta, ta koyi Hausa ne da girmanta. Kowa a wurinta "ka" ne, mace ko namiji. Ɗaki a bakinta daki ne, ƙafa kafa ce. "Amarya, ka zo ka ci doya, ka rame kamar kara," in ji ta, ta turo mini turmi da ƙafa.

Ba ta san shekarunta ba. Ta ce dai tana 'yar yarinya aka shimfiɗa layin dogo ta garin. Amma kullum kafin rana ta fito ta je rafi, ta cika randar da ke ƙofar majami'a don masu zuwa sujada daga nesa. Daga nan sai ta hau dutsen da ke bayan majami'ar, ta jima a can. Ta dawo jiƙe da gumi, ta kwankwaɗi ruwa a moɗa har yana zuba ta haɓarta, tana lumshe ido. Tana zama a ƙasa ta tashi ba ta dafa komai ba. Ranar zumuntar mata, in aka fara buga tulu, ita ce farkon shiga fili, 'yan mata su gaji su bar ta.

Dutsen nan shi ya dame ni. Wata safiya na bi bayanta a hankali, na laɓe a gindin wata ɗorawa. Tana tsaye, ido a buɗe, ta fuskanci wajen da dogo ya lanƙwasa ya ɓace cikin daji. Iska tana kaɗa gefen zanenta. Sai na ji tana magana, ƙasa-ƙasa, da irin muryar da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba.

"Har yanzu ina kishinka. Na tsufa, hakori ya tafi, amma kishin bai tafi ba. Kada ka bari ya tafi."

Kafin in sauko daga dutsen na gama rubuta littafin a kaina. Wani saurayi ne dogo, mai farin wando, ya hau jirgin Baro da alkawarin zai dawo, ya je ya auri wata a bakin kogin Kwara. Ita kuma aka aurar da ita, ta haihu, mijin ya rasu, amma kowace safiya tana hawa dutse tana duban hanyar da ta tafi da shi. Har gashin baki na yi masa. Na riƙa kallonta tana tsince wake ina jin hawaye, ita kuwa ta ɗago ta ce, "Amarya, albasa ce ko ciki ne?"

A daminar shekara ta biyu santsi ya kwashe ta a gangaren rafi. Maza suka ɗauko ta a kan ƙyauren ƙofa. Mai ɗori ya zo ya ɗaure gwiwar da karare, ta yi makonni a kwance. Da aka kwance ɗorin, maigida ya sa kafinta ya yi mata kujera mai hannu da wurin jingina, aka ajiye a inuwar mangwaro. Ya tsuguna a gabanta ya ce aikinta ya ƙare, ta huta. Ba rafi, ba dutse, ba doguwar tafiya zuwa majami'a. Fasto ya yarda zai riƙa kawo mata Jibin Ubangiji har gida. Da zai koma bakin aiki ya tsaya a ƙofa da fitilarsa a hannu ya ce mini, "Na bar ta a hannunki. Kada ƙafarta ta wuce mangwaron nan."

Mama ta zauna. Kuma a gaban idona ta fara dusashewa, kamar zane da aka manta a rana. Na kai mata ruwa, ta taɓa baki ta ajiye. Tuwo ya huce a gabanta. Waƙar da take yi in tana shara ta ɗauke daga gidan. Ranar Lahadi aka buga guntun ƙarfen dogon da aka rataya a bishiya don kiran sujada, ta juya kanta wajen ƙarar, sannan ta sunkuya tana kallon tafin hannunta. Fasto ya zo da gurasa da ƙoƙo a cikin farin ƙyalle, ta karɓa da ladabi, ta yi godiya, amma bayan ya tafi ta ce mini, "Ko addu'a na fara, barci ne. Bakina yana cewa Amin, ni ba na wurin."

Ni na san ciwon, ai na karanta shi. An raba ta da dutsenta, ba ta ganin hanyar Baro. A littattafaina duk wadda aka yi wa haka ba ta kai shafin ƙarshe. Don haka wata safiya, jirgin maigida na barin tasha, na miƙa mata kafaɗata.

"Mama, mu taka kaɗan."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Mijinka zai kore ka."

"In ya kore ni sai ki rako ni tasha. Kin ga ai kin yi tafiya."

Ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ta kama ni. Ranar farko a bakin rijiya muka tsaya, tana haki, ta ce gwiwar tana zaginta. Bayan 'yan kwanaki muka kai wurin mai tuyar ƙosai, wadda ta tafa hannu ta ce, "A'a, Kaka, an sake ki ne ko gudowa kika yi?" Mama ta ce, "Beli aka ba ni." Muka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Da yamma in gasa mata gwiwar da ruwan ɗumi in shafa man kaɗanya, ita kuma ta riƙa miƙe ƙafar tana lanƙwasawa, tana yi mata faɗa da yarensu. Ta fara cinye tuwonta. Ta fara neman ƙari.

Ruwan sama na gab da ɗaukewa muka hau dutsen. Ba mu kai ƙololuwa ba, a wani faffaɗan wuri muka zauna. Garin yana ƙarƙashinmu, rufin kwano yana ƙyalli, gonakin doya sun yi kore shar, hayaƙin wani jirgi yana tashi daga nesa kamar zaren auduga. Gumi yana bin wuyanta. Na ga lokaci ya yi. Na sunkuyar da kai, domin ba magana ce da ake yi da suruka ba.

"Mama, shi wanda kike kishinsa, ya taɓa aiko miki ko da gaisuwa?"

"Wa?"

"Wanda kike yi wa magana a nan. Na ji ki bara. Wanda ya tafi a jirgi."

Ta ƙura mini ido. Sai bakinta ya fara rawa. Ta fashe da dariya har ta kwanta a kan dutse tana tari, tana bugun cinyata.

"Wayyo, Amarya zai kashe ni! Kishi! Kishi na ruwa! Wanda makogwaro yana bushewa!"

Ƙishi. Shekara biyu ina jin tana cewa daki da kafa, ina gyarawa a kaina ba tare da na sani ba, amma a wannan kalma ɗaya kunnena ya ƙi, don ya fi son ɗayar. Saurayina mai farin wando ya narke a wurin, da gashin bakinsa.

Da ta samu numfashi ta share ido da bakin zane. Ta ce mai bisharar da ya fara zuwa ƙauyensu da Hausa ya koya musu addu'a, shi ya sa har yau da Hausa take yi wa Allah magana. Ta ce ba ta rufe ido a kan dutse don kada ta gangara.

"Ka duba," ta ce, ta nuna maƙogwaronta. "In na tafi rafi, na hau nan, jiki ya yi zafi, ina son ruwa. Ruwa yana dadi. To a lokacin ne zuciya ma yana son Allah, haka, da karfi. Amma a kujera ba na son ruwa, ba na son tuwo, ba na son kowa. Shi ma na fara mantawa ina sonsa. Mutuwa ba ya ba ni tsoro, Amarya. In je gabansa ba na jin kishi, shi ne tsoro."

Na zo ceton wani labari, na tarar da wanda ya fi shi, kuma duk da haka labarin ƙauna ne.

Jirgin da muka hango hayaƙinsa na maigida ne. Daga taragon ƙarshe ya ga mata biyu a kan dutse, ya gane zanen uwarsa. Ya shigo gida ko hularsa bai cire ba.

"Amanar da na ba ki ke nan?"

Na rasa ta inda zan fara, sai na fara da saurayin Baro. Ya so ya riƙe fushinsa, ya ciji leɓe, amma da na kai kan gashin baki sai ya juya mana baya, kafaɗunsa suna girgiza. Mama ba ta bar shi ya gama ba.

"Zauna. Kai ka ba ni kujera don kana sona, na sani. Amma kujeran nan yana shanye ni."

"Mama, in kika sake faɗuwa fa?"

"Sai ka daga ni. Ni sau nawa na daga ka?"

Ya cire hularsa, ya daɗe yana murza ta. A ƙarshe ya ce rafi dai ta bar shi, gangaren ba na tsoho ba ne. Na ga abin ya sosa mata rai, sannan ta ce ta bari, matan zumunta su karɓi randar. Amma majami'a da dutse, da ƙafarta za ta je.

Ranar Lahadi ta ɗaura zanen zumunta, ta fita gaba. Ina gefenta. Maigida yana biye da mu yana tura kekensa, wai ko za ta gaji ya ɗora ta. Ba ta waiwaye shi ba ko sau ɗaya. Mun isa an riga an fara waƙa. Ta tsaya a ƙofa ta sha ruwan da wata ta ɗebo, ta ce bai kai nata sanyi ba, ta shiga.

Ta yi shekaru tana wannan tafiya, har lokacin yaƙin basasa, da jiragen ƙasa suka riƙa wucewa cike da sojoji tana tsayawa ta yi musu addu'a. Bayan yaƙin idonta ya fara rufewa. Sai ta haɗa kai da wata tsohuwar 'yar zumunta da ke maƙwabtaka da mu, wadda take gani sarai amma bayanta ya ranƙwafa. Wannan ta nuna hanya, Mama ta tallabe ta, suna tafe suna gardama kan wadda take jan wata. A wata kakar doya ta yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, ta ce a kai ta ƙauyensu wajen Maikunkele. A can ta rasu, a can aka binne ta. Maƙwabciyar ta ci gaba da zuwa sujada ita kaɗai, tana tsayawa a hanya tana hutawa.