Polde Mai Jan Fenti

Daga bayan cocin ƙauyenmu har wuyan dutse, inda hanya ke tsallake tsauni, duk alamar da ke jikin bishiya, jan zobe da ɗigon fari a tsakiya, ta Polde Kumer ce tun ina yawo da gajeren wando. Yankinsa ke nan a doguwar hanyar nan da ta ratsa Slobeniya ta dire a bakin teku, wadda mutane ke takawa wata guda da jaka a baya, su dawo a rame suna cewa sun huta. Dajin na hukumar gandun daji ne. Alamun kuwa namu ne, mu 'yan ƙungiyar hawan dutse, aikin sa-kai muke yi da izinin hukumar, ladanmu ciwon gwiwa.

A injin tsaga katako Polde ya yi aiki har ya tsufa. Dogo ne, siriri, magana kamar da cokali ake auna masa. Ni mai aski ne, kansa ya daɗe a hannuna, amma ban taɓa jin ra'ayinsa a kan komai ba sai tsawon gashi. 'Yarsu ɗaya ta yi aure a Kanada, tana bugo waya ranar Kirsimeti.

Ba shi kaɗai yake aikin ba, da matarsa Rezka suke yi. Jan fenti ba ya son gaggawa, idan ka ɗiga fari kafin ya sha iska, sai ka samu ruwan hoda. Don haka Polde ke yin gaba da sassafe da gwangwanin ja, yana zana zobba. Sai rana ta ɗaga Rezka ta biyo sawunsa da fari, tana cike tsakiya. A wuyan dutse yake jiran ta, su ci burodi da cuku, su sauko tare.

Na sha tsokanarta. “Iya, na gano sirrin aurenku. Ba ku taɓa tafiya tare ba.”

“To ka gwada da taka mana,” in ji ta, “ko kunnen baiwar Allah ya samu hutu.”

Rezka ta rasu a tsakiyar sanyi. Da ƙanƙara ta narke, lokacin sabunta alamu ya yi. Ni ne shugaban kwamitin hanyoyi, don ranar zaɓe na fita kama ruwa, na dawo na tarar ana tafa min. Dokar ƙungiya ita ce mutum biyu a kowane yanki. Na ce wa Polde zan haɗa shi da wani. Ya girgiza kai, ya sa hularsa, ya fita. Na ƙyale shi.

Ana nan sai ga Metka, malamar dajin yankinmu, ta shigo shago da taɓo har idon sawu. Ba aski ya kawo ta ba.

A dajin nan, bishiyar da hukuma ta yarda a sare, jan fenti ake sa mata. 'Yan kwangilar sara baƙi ne daga wata jiha. Suka iso suka ga layin bishiyoyi a gefen hanya, kowace da sabon ja, babu fari ko ɗigo. Suka tayar da zarto. Kafin Metka ta ji labari, sun kwantar da rabin gangaren. Washegari hazo ya sauko, wasu matafiya biyu suka iso fili fetal babu alama, suka ɓace, sai da masu ceto suka hau neman su.

“Ofis ya ce a karɓe yankin daga hannun Polde,” ta ce. “Ni kuma da alamunsa na koyi dajin nan. Tashi mu je tare, bakina ba zai iya shi kaɗai ba.”

Muka same shi a kicin yana wanke buroshi. Kujera biyu ce a gidan, ni na tsaya. Gwangwanin fari na kan taga, ko murfinsa ba a ɓalle ba.

“Kawu,” na ce, “mantuwa ka yi, ko tsumulmular fenti ka fara da tsufa?”

“Ban manta ba. Farin ba nawa ba ne.”

“To na wa ne?”

Ya dubi murhu. “Na kai wuyan dutse na zauna. Na ci rabin burodin. Da rana ta karkata na sauko.”

“Ai kuwa, Kawu, a saukowa ka ga zobban wayam.”

“Na gani. Na ce gobe.”

Metka ta daɗe tana murza hularta. “Baba, zan roƙi ofis su bar maka. Amma sai da mutum a bayanka. In babu, ranar Litinin zan ba wasu.”

Na ce ni zan bi shi. Polde ya ɗago ya kalle ni daga sama har ƙasa.

“Wannan rediyon? Tsuntsaye ƙaura za su yi.”

Duk da haka ya yarda, da sharaɗi. Kada in bar gida sai an buga ƙararrawar coci, kada in kira shi, kada in cim masa.

Ranar Asabar na hau. Ban san daji yana da shiru haka ba. Na yi wa bishiya ta farko barkwanci, ba ta ce komai ba, na kama bakina. Zobban Polde kamar da kofi aka zana su, kowanne daidai idon mai tafiya, kowanne a inda ƙafa za ta yi shakka. A gangaren da aka sare, Metka ta kafa turaku tsakanin kututture, ya zana musu su ma. Ina ɗiga fari ina wucewa.

A filin nan na fara hango Polde, can sama, tsaye, gwangwani a hannu, ya juyo yana kallon ƙasa. Da ya gan ni sai ya juya ya ci gaba. A kwanar hanya ta gaba ma haka. Na ɗauka sa ido yake yi kada in ɓata masa aiki, har na ɗaga masa buroshi. Bai ɗaga nasa ba.

A wuyan dutse na tarar ya raba burodi biyu. Muka ci, iska na kaɗa mana riga. A saukowa yana tsayawa gaban kowace alama.

“Ɗigonka kamar soyayyen ƙwai.”

“Amma dai ba za a sare ba.”

“Ba za a sare ba.”

Na ji daɗi, na ce yanki ya tsira. Muna isa bayan coci ya ajiye gwangwanin ja a gabana, ya ɗora buroshinsa a kai.

“Ka ce wa Metka ta ba wasu yankin.”

“Haba Kawu! Don ƙwai? Zan gyara hannu.”

“Aikinka ya yi.” Ya goge yatsunsa da tsumma, ɗaya bayan ɗaya. “Wancan karon na san babu kowa, ban waiga ba. Yau duk kwanar da na sha sai na waiga. Kuma duk sanda na waiga, kai ne.”

Na sunkuya na ɗauki gwangwanin da buroshin.

Metka ta ba wasu ma'aurata 'yan birni yankin, yaran kirki, masu fenti mai saurin bushewa, su biyun kafaɗa da kafaɗa suna hira, kafin la'asar sun gama. Polde yana nan. Da yamma yakan bi bakin kogi, ɓangaren da babu hanyar matafiya. Wani lokaci masu jaka kan tare shi a kan gada su tambaye shi ta ina ake hawa. Yakan nuna musu bayan coci da haɓa, ya jira su wuce, sannan ya ci gaba da tafiyarsa.