Sabo a Gaba, Tsoho a Baya

Yayana direban babbar mota ne, har ciwon gwiwa ya sauke shi daga sitiyari. A layinmu ba mai kiran sa da sunan yanka. Ko-ta-kwana ake ce masa, yana kuma amsawa har da ɗaga hannu.

Sunan ya samo asali tun yana saurayi. Hanya ce ta karye a gabansa, ta kuma karye a bayansa, ya maƙale a daji da mota cike da siminti. Ya yi kwanaki a zaune kan kayan da za su gina bene, yana kallon tsuntsaye yana haɗiyar yawu. Da ya dawo gida wandonsa na zamewa, sai ya rantse yunwa ba za ta sake tarar da shi ba shiri ba.

Tun daga nan bai taɓa dawowa daga tafiya hannu rabbana ba. Yau buhun shinkafa, gobe wake, jibi jarkar mai ko katan ɗin kifin gwangwani. Gishiri, sukari, ashana, kyandir, sabulu. Takalminsa ya sha faci har mai gyara ya ce ya yafe, amma bai sayi sabo ba, sai ya ƙara buhu. Ya ware wa kayan ɗaki guda, wanda ya fi kowane ɗaki haske a gidan, ya rataya makullin a wuyansa.

Matarsa tela ce. A baranda take ɗinki, ruwa ya kore ta, rana ta kore ta. Ni da ita akwai wasan ƙanin miji: ina ce mata matarmu, tana ce mini Malam Fayil, saboda a sashen ajiyar takardu nake aiki. Wata ranar hutu na tarar tana jan keken ɗinkinta daga bakin feshin ruwa.

"Ka ga rayuwa, Malam Fayil," in ji ta. "Shinkafa na ɗaki mai taga tana shan iska, ni ina waje kamar takalmin baƙo."

Yaya ya ce, "Wata rana za ki gode mini."

"Wace ranar? Tun ina amarya ake jiran ta. Ko ita ma hanya ce ta karye mata?"

Abin ya sosa masa rai. Ya dafa makullin ya ce, "To, ga ƙanina shaida. In ranar ta zo ɗakin nan bai ciyar da mu ba, ki shigar da kekenki, ɗaki ya zama naki."

Na amsa shaida da murna, domin ina da hannu a ɗakin. Da can kayan a jibge suke kamar an juye mota, shi ne Yaya ya ce in zo in tsara masa, tunda tsari sana'ata ce. Na sa kafinta ya yi kantoci, na bi ƙa'idar da na sani tun ranar da na fara aiki: sabuwar takarda a sama, tsohuwa a ƙasa, fayil ɗin da aka rufe kuma ba a tayar masa da hankali. Saboda haka tsofaffin buhuna na kai su can jikin bango, na lulluɓe da tamfol, na ɗaure da igiya ɗaurin da muke yi wa rufaffun fayiloli. Sababbi kuwa a gaba, kusa da ƙofa. In abinci ya yanke a gida sai a ara daga gaba, in Yaya ya sayo a mayar gaba. Gaba yana ta juyawa, baya yana hutawa.

Yaya ya taɓa tambaya ta ko ba za a leƙa na bayan ba. Na ce masa, "Wancan ai shi ne ajiyar, Yaya. Na gaba aiki ne mai gudana." Ya jinjina kai, ya ce ilimi daɗi.

Ranar ta zo da damina. Kogi ya cika ya ɗauke rabin gada, kasuwa kuma tana wancan ƙetaren. Kafin a ankara shagunan layi sun zama fayau, sai tsintsiya da man goge takalmi. Ban taɓa ganin mutum yana jajanta ambaliya fuskarsa na sheƙi ba sai Yaya. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya fito da kujera bakin ɗakin, ya aika gida-gida cewa kowa ya zo da kwano.

Aka zo kuwa. Ina aunawa, yana sa albarka, yana satar kallon matarsa. Kayan gaba ba su daɗe ba suka ƙare, ga mutane har bakin ƙofar gida. Yaya ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Wannan ai somin taɓi ne. Ƙanina, buɗe baya."

Na kwance igiyar a tsanake, na naɗe ta, na yaye tamfol. Wani ɗumi ya bugi fuskata, da wari irin na tsohon rumbu. Na farke bakin buhun farko. Shinkafar tana motsi.

Wata tsohuwa mai sayar da itace ta leƙo ta gefen kafaɗata ta ce, "Ɗan nan, kar ka wahalar da kanka da awo. Wannan da ƙafafunta za ta kai kanta gida."

Waken ya zama gari da ƙwari. Gwangwanayen kifi sun kumbura kamar kumatun mai fushi. Man ya canja kala, ashana ta sha danshi ta ƙi kamawa. Na jawo buhun sukari, ya faɗo ƙasa tim, dunƙule guda, ko gezau bai yi ba. Yaya ya taso da sandarsa, ya ƙwanƙwasa shi, ya saurari ƙarar. Sai ya zauna a kai a hankali.

"Siminti kuma," in ji shi.

Ba wanda ya yi dariya. Matarmu ta riga ta zare tef ɗin awo daga wuyanta tana duban ƙasan taga, amma da ta ga fuskarsa sai ta mayar da shi. Ni kuwa na tsaya da igiya a hannu, ina tunanin inda aka samu kuskure, domin kowane buhu yana daidai inda ya kamata.

Ana cikin haka mai kaji ya kutso. A ƙarshen layi yake kiwon kajin ƙwai, abincinsu kuma daga ƙetaren gada ake kawo masa. Kajin sun fara tsattsage junansu don yunwa. Ya zura hannu cikin buhun shinkafar, ya ɗebo, ya ga ƙwari na bin yatsunsa, sai idonsa ya kawo ruwa.

"Har da nama a ciki! Ko-ta-kwana, nawa za ka sayar?"

Yaya ya ɗago kai. Tsohon direba ne, ciniki ba ya wuce shi ko yana cikin makoki. "Ba na sayarwa," in ji shi. "Ka kwashi buhu, ka kawo ƙwai. Na layi duka."

Haka aka yi. Har aka gyara gada layinmu ƙwai yake ci, dafaffe da safe, soyayye da rana, da gishirin Yaya, wanda shi kaɗai da sabulu suka fito daga ajiyata da mutuncinsu. Har yau mai wankin layinmu in ya ga ƙwai sai ya kau da kai.

Da hanya ta buɗe aka zauna shari'a a baranda.

"Ɗaki ya ciyar," in ji Yaya.

"Ya ciyar da kaji," in ji matarmu.

"Kaji suka ciyar da wa?"

"To ai sai a ba kaji makullin."

Suka juyo gare ni, tunda ni ne shaida. Na gyara murya na ce lamarin yana da fuska biyu, yana buƙatar nazari.

"Kai dai yi shiru, Malam Fayil," in ji ta. "Naka nazarin mun gan shi yana tafiya."

Yaya ya daɗe yana kallon keken ɗinkin, wanda tsatsa ta fara ci ta gefen da ruwa ke bugu. Sannan ya cire makullin daga wuyansa ya miƙa mata. Igiyar ta bar masa farin zane a fata.

"Shigar da kekenki. Amma ki bar mini bango ɗaya."

"Bango ɗaya," ta ce. "Ni kuma zan riƙa shiryawa."

Yanzu keken yana ƙasan taga. Yaya yana zama kusa da bangonsa, yana ba masu kawo ɗinki labarin yadda ya ciyar da layi guda, kuma ƙwarin suna raguwa a labarin duk lokacin da ya maimaita. Ya sayi sabon takalmi. Ni an rage mini matsayi zuwa ɗan dako: in an sayo buhu ni ke ɗauka, matarmu na nuna mini da almakashi. Sabo can baya, tsoho a jawo shi gaba a cinye. Duk lokacin da na yi haka sai in ji kamar na sa riga a bai-bai. Na taɓa gaya mata cewa a ofis ba a yin haka.

"A ofis cin takardun kuke yi?" in ji ta.

Ba a dai jayayya da mai riƙe da almakashi. Amma ina so a sani, duk shekarun da ɗakin nan ya yi a hannuna, ko buhu ɗaya bai ɓata ba. Kowanne an same shi a inda na ajiye shi.