Rayuwar Mai Taku, Wanda Aka Sayar da Faɗuwarsa

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayi Mai Taku, mai tsara rawa a bidiyon waƙoƙi, a shekarar 1967 a unguwar bayan tasha, cikin wani gida mai ɗaki biyu da ke manne da shagon mahaifinsa. Mahaifin nasa mai gyaran rediyo ne, mutum mai ƙarancin magana da tsananin ƙa'ida, mahaifiyarsa kuwa ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, kuma shi ne na uku cikin 'ya'yansu. Da yake shagon ba ya rabuwa da kiɗa tun daga buɗewa har rufewa, domin kowace rediyo aka gyara sai an gwada ta, yaron ya koyi bin kiɗa da ƙafa tun bakinsa bai iya haɗa zance ba. Masu kawo gyara ne suka laƙaba masa sunan da ya bi shi har kabari, sunan yanka kuwa ya koma na takardun makaranta kawai.

Karatu

Ya shiga makarantar firamare a shekarar 1973, ya zarce sakandare a 1979, inda bai yi fice a aji ba amma ya zama ginshiƙin ƙungiyar wasan kwaikwayo. A nan ne ya gano cewa baiwarsa ba ta tsaya ga yin rawa ba, ta kai ga tsara ta: yana iya ɗaukar ɗalibai masu ƙafar hagu biyu ya jera su har su motsa kamar jiki guda. Mahaifinsa bai taɓa amincewa da wannan al'amari ba. An ruwaito cewa duk lokacin da aka yaba masa ɗansa sai ya ce, ba tare da ya ɗago kai daga aikinsa ba, “Ni na san mai rawa ɗaya da ya ci riba, shi ne fanka.” Bayan kammala sakandare a 1984, Mai Taku ya zauna a shagon yana taya gyara da rana, da yamma kuma ya tara samari da 'yan mata a filin makaranta suna atisaye, har mahaifin ya rasu a 1990.

Shigarsa Sana'ar Bidiyo

A shekarar 1992 wani ƙaramin kamfani mai ɗaukar waƙoƙi a kaset ya gayyace shi ya tsara rawar waƙa ɗaya, daga nan bai sake komawa gyaran rediyo ba. Sana'ar a lokacin tana da ƙa'idojinta waɗanda ba wanda ya rubuta amma kowa ke bi. Mawaƙi shi ne a tsakiya, kyamara kuma daga ƙasa take kallonsa domin gajere ya fito dogo. Kowane baiti da kayansa, ko da waƙar ta talaka ce mai kukan yunwa. Sai an aro mota a jingina da ita, an aro gida a sauko daga benensa, an kunna fanka ta kaɗa mayafi, in waƙar ta baƙin ciki ce a jawo tiyo a yi ruwan sama da rana tsaka. 'Yan rawa kuwa, wani lokaci har da shi kansa Mai Taku, suna baya a jere. Ba a matso da fuskarsu, ba a rubuta sunayensu a ƙarshe, domin a wurin masu kamfani matsayinsu ɗaya da labule.

Mai Taku ya karɓi wasu daga cikin waɗannan ƙa'idoji, ya yi jayayya da wasu. Aƙidarsa ita ce bidiyo hadimin waƙa ne, an yi shi ne domin ido ya taimaki kunne, ba domin ya ƙwace masa aiki ba. Idan waƙa ta yi magana a kan rabuwa, yakan raba layin 'yan rawa biyu su riƙa nisantar juna da kowane amshi, har mai kallo ya ji abin a ƙirjinsa ko bai san harshen ba. Cikin shekarun da suka biyo baya, da wuya a sami mawaƙin da ya yi suna wanda takun Mai Taku bai ɗaga shi ba, kuma da wuya a sami wanda ya faɗi haka a bainar jama'a.

Aure da Iyali

A shekarar 1995 ya auri telar da ke ɗinka wa 'yan rawarsa kaya, mace mai kaifin harshe da saurin hannu, wadda farkon maganar da ta haɗa su faɗa ce a kan hannun riga: shi yana son ya yi faɗi domin ya buɗe idan an juya, ita tana cewa yadin da aka ba ta ko hular jariri ba zai yi ba. Sun zauna a gidan haya mai ɗaki biyu da falo, keken ɗinkinta a bakin taga, tsakar gida kuma ta zama wurin gwada taku. Allah Ya albarkace su da zuri'a, kuma maƙwabta sun shaida cewa gida ne na hayaniya da dariya.

Hatsarin Shekarar 2004

A shekarar 2004 aka ɗauke shi aikin wata waƙar rashin masoyi ta wani mawaƙi da ke kiransa yaya, domin tun yana neman suna Mai Taku ke tsara masa rawa. Daraktan aikin, wanda ya shahara da son abin da ba a taɓa gani ba, ya zaɓi wani bene da ba a gama ginawa ba, ya ce yana son ɗan rawa guda a gefen rufin, cikin ruwan tiyo, ba igiya a jikinsa domin igiya tana fitowa a hoto. Mai Taku ya hau ya duba simintin, ya sauko ya ce wurin da santsi, ba zai tura kowa ba.

“Malam, in tsufa ne ya zo ka faɗa mana,” in ji daraktan a gaban jama'a. “Ga yaranka nan, kowa so yake a gan shi. Zan zaɓi ɗaya da kaina.”

Mai Taku ya dubi 'yan rawarsa, ya ga hannuwa har sun fara ɗagawa, domin wanda aka saba ajiyewa a baya ba ya ƙin gaba ko da bakin rami ne. Sai ya cire takalmansa ya ce, “Ba ɗan wanda za a hau da shi. Ni zan yi, sau ɗaya, in an samu an samu.”

Ba sau ɗaya aka yi ba. Daraktan ya yi ta cewa a sake, ruwa yana ta taruwa, har a wani juyi ƙafarsa ta dama ta zame ya faɗo daga hawa na biyu a kan tarin bulo. Waɗanda suke wurin sun tabbatar da cewa mai ɗaukar hoto ya yi yunƙurin ajiye kyamara, daraktan ya dafa kafaɗarsa alamar ya ci gaba da ɗauka. Likitoci sun bayyana cewa lakarsa ta taɓu, kuma daga wannan rana bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba.

Fitowar Bidiyon

Wajibi ne a rubuta abin da ya biyo baya dalla-dalla, domin waɗanda suka aikata shi sun daɗe suna ba da labarin ta wata fuska. Yana kwance a asibiti aka saki bidiyon, kuma a talabijin ɗin ɗakin majinyata ya fara ganinsa. Ba su yanke faɗuwar ba. Sun rage gudunta har ɗigon ruwa ana iya ƙirga shi, sun ɗora ta daidai kan amshin waƙar, sun maimaita ta duk inda amshi ya dawo, sun kuma yanke hoton kafin jiki ya taɓa ƙasa domin kada ran mai kallo ya ɓaci. Majinyacin da ke gadon kusa da shi, wanda bai gane shi ba, ya ce, “Kai, waɗannan mutane sun iya dabara!”

Bidiyon ya karɓu fiye da duk wanda kamfanin ya taɓa yi. Da aka sallame shi, matarsa ta tura shi a keken guragu har ofishin daraktan, aka bar su a baranda tsawon wuni kafin a shigar da su.

“Ban zo ku ba ni ƙafa ba,” in ji Mai Taku. “Ku cire wurin nan kawai. 'Ya'yana suna gani.”

Daraktan ya ce, “Haba, Malam, ai wurin nan shi ne bidiyon. Abin da ya faru ya riga ya faru, ƙaddara ce. Gara a ce ya yi amfani da a ce ya tafi a banza. Ka shiga tarihi fa.”

Matar ta ce, “To kai ma hau ka shiga mana. Benen yana nan, ba a rushe shi ba.”

Mawaƙin kuwa, da suka same shi, ya durƙusa ya riƙe hannun keken har da hawaye, ya ce, “Yaya, wallahi ni murya na ba su, hoto ba nawa ba ne.” Bayan wannan rana bai sake ɗaga wayarsu ba, amma ya ci gaba da hawa dandamali ana haska faɗuwar a bayansa.

An shigar da ƙara a 2005. Shari'ar ta yi ta jan ƙafa, kamfanin ya rufe ya sake buɗewa da wani suna a gini ɗaya, kan kujeru ɗaya, aka ce wanda ake ƙara babu shi. Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda sana'ar ta karɓi abin a matsayin sabon salo: cikin ɗan lokaci duk waƙar baƙin ciki sai an sami wanda ya faɗo daga sama a hankali, wasu a kan katifa, wasu a kan abin da ya samu.

Shekarun Ƙunci

Tarihi ba zai ɓoye cewa fushin da ya rasa inda zai sauka a gida ya sauka ba. Daga 2005 zuwa 2008 Mai Taku ya zama mutum mai wuyar zama. Ya fasa talabijin da sandarsa, ya hana a kunna rediyo, kuma ranar da ya ga babban ɗansa yana gwada taku a tsakar gida ya yi masa faɗan da yaron ya yi makonni ba ya haɗa ido da shi. Matarsa, wadda ɗinkinta ne ke riƙe da gidan, kuma ita ke ɗaga shi ta kwantar, ta yi haƙuri har haƙurin ya ƙare. Wata safiya ta tsayar da keken ɗinki ta ce masa, “Baban yara, ba mu muka jiƙa simintin nan ba. Waɗanda suka yi suna can suna cin abinci da hannu biyu, mu kake gasawa. In faɗa kake so, ga ƙofa, zan tura ka har inda suke, kullum in kana so.” A wannan makon ya sa aka kira masa tsofaffin 'yan rawarsa.

Komawarsa Aiki

A shekarar 2008 ya buɗe wurin koyar da rawa a wani tsohon garejin mota mai rufin kwano, ya sa aka jingina madubai a bango. Yana koyarwa da tafi, da bugun sanda a ƙasa, da kafaɗu da hannuwa, kuma ɗalibansa sun ce idonsa yana kama kuskuren ƙafa tun kafin ƙafar ta sauka. Sharaɗin shiga guda ne: ba a hawa sama sai da igiya, ko wane ne ya ce a hau. Masu kamfanoni suka sa masa suna mai taurin kai, wasu suka daina ɗaukar ɗalibansa.

A 2011 wani darakta ya kai 'yan rawa kan gadar masu tafiya a ƙasa, ya nemi ɗaya ta tsaya a kan ƙarfen gefe. Gaba ɗayansu, har da waɗanda ba ɗaliban Mai Taku ba, suka zauna a ƙasa suka ƙi tashi, aka tashi aiki ba a ɗauki komai ba. Daga wannan shekara igiya da katifa suka fara zama abin da ake tanada kafin a kira 'yan rawa, kuma wasu kamfanoni suka fara rubuta sunayensu a ƙarshen bidiyo. Babu wata hukuma ko ƙungiya da ta danganta wannan sauyi da shi.

Faɗuwar tasa kuwa ba a taɓa cire ta ba. Da zamanin wayar hannu ya zo, aka yanko ta daga waƙar, aka ɗora mata sautin dariya, ta zama abin da matasa ke tura wa juna idan wani ya faɗi jarrabawa ko budurwa ta ƙi shi. Yawancinsu ba su san cewa mutum ne na gaske ba, balle su san yana raye.

Rasuwarsa

Ciwon ƙoda, wanda likitoci suka alaƙanta da dogon zamansa a keke, ya kama shi a 2019. Ya ci gaba da zuwa garejin har jikinsa ya ƙi, daga nan ɗalibai suka riƙa zuwa gida suna yin taku a tsakar gida yana gyara musu ta taga. Ya rasu a shekarar 2021 yana da shekara hamsin da huɗu, a ɗakinsa, matarsa tana gefensa. An yi jana'izarsa a ranar, aka binne shi a maƙabartar unguwar da aka haife shi, kusa da mahaifinsa. Ɗalibansa ne suka ɗauki makarar. Daraktan bai zo ba, mawaƙin kuma ya aiko da saƙon ta'aziyya ta bakin direbansa. Allah Ya jiƙansa, Ya bi masa haƙƙinsa.

Ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babban ɗansa, wanda ke riƙe da garejin yana koyar da rawa, mai bi masa, ma'aikaciyar jinya a sashen masu karaya, na uku, mai gyaran waya a bakin kasuwa, sai autarsu, ɗaliba, wadda aka haifa 'yan watanni bayan hatsarin, wadda ba ta taɓa ganin mahaifinta a tsaye ba sai a cikin bidiyon mutane, a layin baya.