Mutumin da Ya Hana Mu Gaisuwa a Oba-Oba

Bana shekara ashirin ke nan da muka raka abokina Yohanna makwancinsa, amma har yau idan bakwai na safe ta buga sai in ji kamar zai kira ni.

Lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, kowace ma'aikata a Gombe ta sayi wayar oba-oba tata. 'Yan sanda da tasu, asibiti da tasu, 'yan kwana-kwana da tasu, mu na tashar jirgin ƙasa da tamu, kuma babu mai jin wani. Yohanna, Batangale ne tsohon soja, shi aka ɗora wa haɗa mu a layi ɗaya don ranar tashin hankali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan kowa ya yarda. Inda muka saɓa da shi gaisuwa ce.

Mu dai ba ma buɗe baki sai mun tambayi gajiya, iyali da shanu. Shi kuwa ya ce kafin mu gama ya gida ya yara, gidan ya ƙone. Ranar da ya katse ni a tsakiyar gaisuwa na yi fushi ƙwarai, na ce soja ya cinye masa tarbiyya. Dariya ya yi, ya kawo sulhu: kullum ƙarfe bakwai zai kira kowace ma'aikata, a gaisa har a ƙoshi, amma daga nan duk wanda ya taɓa layin ya faɗi wuri da abin da ya faru kawai. Ashe da gaisuwar yake gane wayar wa ta mutu.

Wata safiya cikin damina ya gaishe ni bai ji amsa ba. Ni ban ma lura wayata ta mutu ba. Sai ga shi a kan kekensa da batir, yana min tsiya wai Bafulatani ya ƙi amsa gaisuwa. Da la'asar ruwa ya kece, kwari ya kawo. Wani ɗan sanda ya ga ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin layin dogo, ya sanar. Muryar Yohanna ta shigo min ba sallama: "Buba, layi ya rataye a kwari. Tsayar da jirgi."

Maiɗakina da 'yarmu suna cikin jirgin nan, suna dawowa daga biki. Na buga wa tashar da ke bayanmu, na sami jirgin yana shirin tashi, aka riƙe shi. Kafin magariba motocin ma'aikatu uku sun je sun kwaso fasinjoji, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Ban taɓa jin alfahari da aikina irin na ranar ba.

Yau kowa da waya a aljihu, amma in ruwa ya ci unguwar Bagadaza ko Nasarawo sai ka ga kowace hukuma tana laluben lambar 'yar'uwarta. Na san abin da Yohanna zai tambaye su: wa kuka gaisa da shi da safe? Tun ran gini ran zane.

Bai bar gida mai bene ba, amma 'yar nan tawa yanzu jikoki gare ta. A ranar ruwan nan, bayan komai ya lafa, wayar ta sake motsi, na ji ya ce a hankali, "To Malam Buba, yanzu ina wuni? Ya iyali?"

Na ce iyali lafiya, Yohanna.