Alkawarin Gashin Mamana

Masana sun daɗe suna gardama a kan abin da yake riƙe da al'umma. Wasu sun ce shari'a, wasu sun ce noma, mu malaman makaranta kuwa mun ce ilimi, tunda da shi muke cin abinci. Ni dai na fita daga wannan gardama tun wata damina. Abin da yake riƙe da al'umma, aƙalla daga bakin kogin Kaduna zuwa Kawo, shi ne matar da take tashi da safe ta gyara kan ƙaramar yarinya kafin lokacin makaranta, ba tare da maƙwabta sun fito tambayar ko lafiya ba. Ranar da wannan mata ta kwanta ciwo ake gane cewa sauran duk ado ne.

Tawa ta kwanta a daminar nan. Tana da tsohon ciki, jininta ya hau, likita ya ce ita da gida sai ta haihu. Ya kuma ja ni gefe ya ce kada in kuskura in kawo mata abin da zai tayar mata da hankali. Aka bar ni a gidanmu na haya a Unguwar Shanu, ni da 'yarmu da ba ta wuce shekara biyar ba. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Mamana nake kiranta, ita kuma ta riƙe muƙamin da gaske.

Allah ya yi wa Mamana gashi irin wanda mata suke tsayawa a hanya su ce tubarkalla, a zuci kuma su gode wa Allah da ba su ne masu tajewa ba. Ga cika, ga tauri, ga ra'ayin kansa. Uwar ta rene shi tun daga askin suna, da man kaɗe da man shanu da lallashi da barazana. Ranar da aka ba ta gado ba ta yi mini maganar cefane ba, ba ta yi ta wanki ba. Hannun rigata ta riƙe.

"Malam, abu ɗaya. Kada ka bari Yaya ta sa a aske mata kai."

"Haba, wa zai aske mata?"

"Na san ku. Ka ce ka yi alkawari."

Na yi, ina ganin ban taɓa samun alkawari mai araha irin wannan ba.

Yaya ita ce babbar gidanmu, ni ne auta. Tana zaune a Unguwar Sarki, ta yi ritaya daga aikin gwamnati amma ba ta yi ritaya daga ba da umarni ba. Aƙidarta a kan gashin yara guda ce: a kwashe shi, kai ya sha iska, in yarinya ta yi hankali ta tara abinta. Haka 'ya'yanta mata suka taso, 'yan kunne ne kaɗai shaidarsu.

Kitson da uwar ta bari a kan Mamana ya yi ta tsufa ina kallo. Layukan suka ɓace, gefen goshi ya yi buzu-buzu. Na kau da kai, tunda hijabin makaranta mai rufin asiri ne. Sai wata Juma'a uwar ta kira ni, muryarta da ɗan ƙarfi a karon farko, ta ce an yarda in kawo mata yarinyar ran Lahadi da yamma.

"Ka tsefe mata gobe ka kai ta kitso. Ina so in ga kan nan."

Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauko murfin biro, na fara tsifa. Abin ya tafi daidai har na fara raina aikin mata. Da na gama sai na ga ƙura da tsohon mai sun yi fari-fari a gindin gashin. Ni kuwa mutum ne mai bin ƙa'ida: abu in ya yi datti, wanke shi ake fara yi. Ban san cewa a tsakanin tsifa da wanki akwai taza ba, ban san duk gashin da ya zuba tun ranar da aka yi kitson yana nan a ciki yana jiran wanda zai fitar da shi ba. Na zuba ruwa, na goga sabulu, na cuɗa kamar ina wankin wuyan jallabiya. Na ɗauraye, na murje da tawul, na zaunar da ita a 'yar ranar da ta leƙo don ta bushe.

Da ya bushe ban gane shi ba. Ya haɗe wuri guda ya dunƙule, kamar audugar tsohuwar katifa. Na sa yatsa, yatsan ya ƙi shiga.

Mai kitson layinmu matar aure ce, gidansu kuma an rubuta ba a shiga da gawayi a jikin zaure. Na tura Mamana ciki na tsaya a waje kamar mai jiran bashi. Ba a jima ba na ji takun takalmi, sai murya daga bayan labulen buhu.

"Malam, ina wuni? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Allah ya raba lafiya. Malam, wa ya wanke mata kan nan?"

"Ni ne."

Can cikin gida mata suka kwashe da dariya, har wata tana tari.

"To a taje shi a kawo ta. Ga layi nan tun safe. Ni kitso nake yi, Malam, ba sassabe ba."

Muka dawo gida. Na yi abin da duk mai ilimin zamani yake yi in ya rasa mafita, na buɗe waya. Ashe duniya cike take da bidiyon gyaran gashin yara, kowanne kuma ya rantse cewa mai sauƙi ne, mai sauri ne, na kullum ne. Wata mata mai fararen haƙora, wata yarinya a zaune kamar an dasa ta, tana murmushi ana ja mata gashi. A tsaga nan, a ɗaure can, a sa ribom, shi ke nan. Na kalli da yawa kafin na lura da abin da ya haɗa su: dukkansu daga tajajjen gashi suke farawa. Inda wahalata za ta ƙare, nan darasinsu yake somawa.

Na ɗauko mataji. Shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa kowace matsala daga tushe ake kama ta. Na kafa matajin a tushe na ja.

"Wayyo Abba! Za ka cire mini kai!"

"Yi haƙuri Mamana, saura kaɗan."

"Ƙarya ne! Ko farawa ba ka yi ba!"

Gaskiyarta. Na sake ja, haƙoran matajin suka karye suka maƙale a ciki, aikin ya ƙaru. Maƙwabcinmu direba, mutumin Zamfara, ya buga ƙofa yana tambaya ko kunama ce. Kafin in sallame shi Mamana ta shige bayan duron ruwa ta ce ba za ta fito ba sai Umma ta dawo.

A haka Yaya ta same mu, ta biyo da kular abincin da za ta kai asibiti. Ta jawo yarinyar, ta juya kan hagu da dama, ta danna shi da babban yatsa kamar mai sayen kankana.

"Auta, wannan aikinka ne?"

"Wanke mata kawai na yi, Yaya."

"Sannu da ƙoƙari. Da digirinka da komai." Ta saki kan. "Wannan ya wuce mataji. Gobe da hantsi zan zo, mu kai ta wurin mai aski a kwashe shi, a sa mata hijabi. Uwar ba za ta sani ba sai ta haihu."

"Hijabin za ta fara cirewa, Yaya. Don kan take son ganinta. Kuma na yi mata alkawari."

"To ka zaɓa. Ko ta ga kai fes, ko ta ga wannan gonar. Ka san dai abin da likita ya ce."

Ta ɗauki kularta ta fita.

Na zauna a kan tabarma. Ba zan iya kiran uwar in tambaye ta ba, domin tambayar kanta ita ce labarin da aka hana ni kai mata. A makonnin nan duk abin da ya shafi matata a hannun wasu yake. Likita ke aunawa, nas ke rubutawa, ni nawa sayen magani da tsayuwa a baranda. Abu guda ta damƙa mini, shi ma ga yadda na mayar da shi. Akwai kuma wani tunani da nake kora tun ranar da aka kwantar da ita, ranar ya samu wuri ya zauna: in ba ta dawo ba fa? Kowace safiya ta rayuwata za ta zama wannan Asabar ɗin. Na tashi na yi alwala ba don lokacin salla ya yi ba.

Da na dawo na lallaso Mamana da waya, na kunna mata katun, na kwantar da kanta a cinyata. Na ajiye mataji can nesa inda za ta ga na ajiye shi. Na kwaso ragowar man kaɗen uwar, na yayyafa ruwa, na shafa. Tunda tushe ya ƙi ni, sai na kama wani ɗan sili daga can bakin gashin na ja shi a hankali da farce. Ya fito. Na kama na kusa da shi, shi ma ya fito. Ashe daga ƙarshe ake farawa a gangaro. Ban gaya wa ɗalibaina wannan ba har yau.

Aiki ne irin na makin jarrabawar ajin da ba ya karatu, kowane layi da tasa masifar. Aka ɗauke wuta, cajin waya ya ƙare, Mamana ta yi kuka, ta yi mini Allah ya isa a matsayinta na uwa, daga baya barci ya kwashe ta. Hadari ya haɗo, na ja tabarmar zuwa baranda da ita a kai. Ƙafata ta mutu, bayana ya ƙage, ban motsa ba don kada ta farka. Kafin magariba rabin kan ya buɗe. Sauran rabin muka ƙarasa washegari bayan asuba, da alkawarin alawar da har yanzu ban gama biya ba. Ƙulli ɗaya ne a ƙeya ya ce shi sai dai a mutu.

Na ruga da ita gidan mai kitso. Aka ce ta tafi biki Zariya tun da sassafe.

To, an dawo da wuta, ga bidiyo, ga tajajjen gashi, ga ni. Na tsaga kan gida huɗu. Tsagar ta tafi kamar lungun unguwarmu bayan ruwan sama, ta kauce nan ta dawo can. Kowane gida na ɗaure shi da roba, na raba jelar biyu na murɗa, abin da daga nesa, a wurin mai kyakkyawan zato, za a iya kiransa kalaba. Ƙullin ƙeya kuwa na ɗaura masa ribom mafi girma a gidan, ya koma kamar da gangan aka yi.

Yaya ta iso da hantsi kamar yadda ta ce. Ta zagaya yarinyar.

"Wannan kitso ne ko rabon gado?"

"Gashin dai yana nan, Yaya."

"Yana nan," ta ce, kamar mai ba da labarin wani ciwo. Ba a je wurin mai aski ba.

Da yamma muka shiga asibiti. Ko gaisawa ba a gama ba uwar ta zare hijabin. Ta kalli gaba, ta kalli baya, ta ɗaga ribom ɗin ta leƙa ta mayar. Ni idona yana kan na'urar awon jini da ke gefen gadon.

"Wa ya yi miki?"

"Abba ne. Ni na yi kuka, shi ma ya yi."

"Hayaƙi ne ya shiga mini ido," na ce.

"A gidan da ake girki da gas?"

Ta riƙe ciki tana dariya har nas ta leƙo ta ce a yi a hankali. Aka auna jinin, bai hau ba. Da za mu tafi ta ce mini, ƙasa-ƙasa, robar ta yi tsauri, in riƙa sassautawa.

Daga ranar na zama mai gyaran kai na kullum. Gida biyu in mun makara, gida huɗu in akwai lokaci, ranar Juma'a har da duwatsu masu launi a bakin jela. Na sayi babban mataji mai faɗin haƙora a kasuwa, na koyi tsaga da ba ta yawo sosai. Har na kai ina duban kan 'ya'yan mutane a bakin makaranta ina ba su maki a zuciyata. A ɗakin malamai na taɓa yi wa wani sabon ango nasiha a kan muhimmancin taza kafin wanki, ya dube ni kamar na zauce.

Allah ya sauke ta lafiya, aka samu namiji, suka dawo gida. Na miƙa mata 'yarta da gashinta cif, har da na wurin ƙullin ƙeya, wanda na riga na ci nasararsa.

Ranar suna, da wanzami ya gama askin jariri yana naɗe kayansa, uwar ta aiko daga ɗaki ta ce ya haɗa da kan Mamana, ita ba za ta iya da kai biyu ba.